Yadda Ake Warware Saɓanin Sigar Laburaren Aiki Yayin Haɗa Manhajar Girkawa

Manhajar da aka rubuta da harshen C ko C++ ba ta tsayawa da ƙafarta ita kaɗai. Ayyukan da take yi a kowane lokaci, irin su ware wa kanta wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta, buɗe fayil, lissafi da sarrafa rubutu, suna zaune ne a cikin wasu fayiloli na dabam waɗanda ake kira laburaren aiki, kuma da zarar an kunna manhajar sai tsarin kwamfuta ya shiga neman su domin ya haɗa ta da su. A kwamfutar wanda ya rubuta manhajar waɗannan fayiloli suna nan tun ranar da ya girka kayan aikinsa, kuma sigarsu ta dace da kompailar da ya yi amfani da ita, wato manhajar da ke juya rubutun shiri zuwa fayil mai aiki, shi ya sa ba ya ganin wata matsala. Sai manhajar ta isa hannun mai amfani sannan saƙo ya fito cewa ba a sami VCRUNTIME140.dll ba, ko kuma ta buɗe ta mutu nan take ba tare da ta ce komai ba. Abin da ya kamata mai haɗa manhajar girkawa ya riƙe shi ne cewa kwamfutar da aka gina manhaja a kanta ita ce ke yanke mafi ƙarancin sigar da za a buƙata a ko'ina, don haka daga wurin ginin ake ɗauko laburaren da za a raba, ba daga wani tsohon fayil da ke ajiye a foldar aikin ba.

Matakin farko shi ne sanin abin da manhajar ke nema a zahiri, ba abin da ake zato tana nema ba. A Windows, umarnin dumpbin /dependents da ke zuwa tare da Visual Studio, kayan gina manhaja na Microsoft, yana jero sunayen duk fayilolin DLL, wato fayilolin laburare, da wani fayil ya dogara da su. A gudanar da shi a kan babban fayil ɗin EXE, sannan a kan kowane DLL da za a saka a cikin kunshin, har da waɗanda aka karɓo daga wasu kamfanoni, domin sau da yawa daga can ne saɓanin ke fitowa. Sunayen da za a gani suna faɗin shekarunsu: msvcr80.dll na Visual Studio 2005 ne, msvcr90.dll na 2008, msvcr100.dll na 2010, msvcr110.dll na 2012, msvcr120.dll na 2013, su kuwa vcruntime140.dll da msvcp140.dll na 2015 ne zuwa sama. Idan jerin ya nuna msvcr120.dll a wani fayil da vcruntime140.dll a wani, to manhajar tana buƙatar laburare biyu mabambanta, kuma sabon ba ya maye gurbin tsohon. Akwai tsohuwar manhajar bincike mai suna Dependency Walker wadda har yanzu wasu ke amfani da ita, amma ta tsufa ƙwarai, kuma a kan Windows na zamani tana nuna fayiloli masu yawa a matsayin waɗanda suka ɓata alhali suna nan lafiya. Wata mai suna Dependencies, wadda ake samu kyauta, ta fi ta fahimtar tsarin yanzu.

Akwai abu ɗaya da ya kamata a duba a cikin wannan jeri kafin komai. Idan aka ga suna mai harafin d a ƙarshe, kamar vcruntime140d.dll, msvcp140d.dll ko ucrtbased.dll, to an gina wannan fayil ne a yanayin Debug, wato na neman kurakurai. Sharuɗɗan lasisin Microsoft ba su yarda a raba waɗannan fayiloli ga jama'a ba, kuma ba sa cikin kunshin da ake girkawa. Maganin a nan ba kwafo su ba ne, sake gina fayil ɗin za a yi a yanayin Release.

Saɓanin da ake kamawa tun a wurin gini

Wani nau'in saɓanin ba ya bari ma a kai ga manhajar girkawa. Kompailar Microsoft tana da zaɓi huɗu game da laburaren aiki: /MD da /MDd suna sa manhaja ta nemi laburaren a matsayin DLL daga waje, /MT da /MTd kuwa suna cusa shi cikin jikin fayil ɗin. Idan aka gina wani ɓangare da /MT, wani kuma da /MD, aka zo haɗa su, linka, wato kayan aikin da ke haɗa ɓangarorin su zama fayil ɗaya, zai tsaya da kuskure mai lamba LNK2038, yana cewa MT_StaticRelease bai dace da MD_DynamicRelease ba. Wani lokacin gargaɗi kawai zai bayar mai lamba LNK4098. Irin wannan kuskure ne ke fitowa game da _ITERATOR_DEBUG_LEVEL idan aka cakuɗa ɓangaren Debug da na Release, inda ɗaya ke ɗauke da 2 ɗayan kuma 0.

Mutane da yawa suna rufe bakin wannan gargaɗi da /NODEFAULTLIB, ginin ya wuce, su ɗauka an gama. Ban ga hikimar hakan ba, domin gargaɗin gaskiya yake faɗa. Kowane kwafin laburaren aiki yana da nasa tsarin kula da ƙwaƙwalwa da nasa jerin fayilolin da aka buɗe. Idan wani DLL ya ware wuri da malloc a ƙarƙashin laburare ɗaya, babban fayil kuma ya sake shi da free a ƙarƙashin wani, sakamakon zai iya zama lalacewar ƙwaƙwalwa wadda ba za ta bayyana ba sai bayan an daɗe ana aiki, a wani wuri da ba shi da alaƙa da asalin laifin. Hanyar da ta dace ita ce a zaɓi tsari ɗaya a sake gina dukkan ɓangarori da shi. Masu amfani da CMake, kayan aikin tsara gini, suna da CMAKE_MSVC_RUNTIME_LIBRARY tun daga siga ta 3.15, wanda ke ba da damar a faɗi zaɓin sau ɗaya ga aikin gaba ɗaya. Idan kuwa akwai ɓangaren da aka saya ba tare da asalin rubutunsa ba, kuma ba za a iya sake gina shi ba, sai a kiyaye iyaka tsakaninsa da sauran: duk abin da ya ware shi zai sake shi, kuma kada a miƙa masa abubuwa irin su std::string ko FILE ta kan wannan iyaka.

Ƙa'idar 2015 da inda take yaudarar mutane

Kafin 2015 kowace sigar Visual Studio tana da laburarenta na kanta, kuma suna zama kafaɗa da kafaɗa a kwamfuta ɗaya. Daga 2015 Microsoft ya sauya tsari. An raba laburaren gida biyu: ɓangaren da ake kira Universal CRT, wato ucrtbase.dll, ya zama wani yanki na Windows 10 kansa wanda ake sabunta shi tare da tsarin, ɗaya ɓangaren kuma ya ci gaba da zuwa a cikin kunshin vc_redist, wato kunshin da Microsoft ke bayarwa domin girka laburaren. Sannan Visual Studio 2015, 2017, 2019 da 2022 duk suna amfani da suna ɗaya mai lamba 140, kuma sabon kunshi yana hawa kan tsoho ya maye gurbinsa.

Wannan sauƙi ne babba, amma yana da sharaɗi guda wanda ake yawan mantawa: dacewar ta fuska ɗaya ce. Manhajar da aka gina da kayan 2017 za ta yi aiki a kan laburaren 2022, amma wadda aka gina da kayan 2022 ba ta da tabbacin yin aiki a kan laburaren 2017, duk da cewa sunan fayil ɗin bai canza ba. Dole laburaren da ke kwamfutar mai amfani ya kai sabuntar kompaila mafi sabunta da aka yi amfani da ita wajen gina kowane ɓangare na manhajar, ko ya fi ta. Manhajar girkawa da ke duba ko akwai vcruntime140.dll kawai, ta ga yana nan ta wuce, ba ta duba komai ba.

Misalai biyu sun isa su nuna yadda abin ke faruwa. Visual Studio 2019 ya zo da sabon fayil mai suna vcruntime140_1.dll ga manhajojin bit 64, saboda sabuwar hanyar kama kurakurai da aka shigo da ita. Kwamfutar da ke da kunshin 2015 ko 2017 tana da vcruntime140.dll amma ba ta da wannan, sai manhajar ta ƙi tashi. Wannan ma da sauƙi, tunda saƙon ya faɗi sunan abin da ya ɓata. Na biyun ya fi muni. A 2024, a siga ta 17.10 ta Visual Studio 2022, an sauya yadda ake ƙirƙirar std::mutex, wato makullin da ke hana sassan manhaja biyu taɓa abu ɗaya a lokaci guda, kuma manhajar da aka gina da wannan siga idan ta haɗu da tsohon msvcp140.dll takan tashi lafiya, babu fayil da ya ɓata, sai ta faɗi a daidai lokacin da ta fara ƙoƙarin kulle mutex ɗin. Microsoft ya tanadi _DISABLE_CONSTEXPR_MUTEX_CONSTRUCTOR domin mai son komawa tsohon hali na ɗan lokaci, amma ainihin gyaran shi ne a raba laburare mai siga 14.40 ko sama da haka. Waɗanda abin ya fi shafa su ne masu rubuta DLL da wata manhaja ke ɗorawa a cikinta, domin idan uwar manhajar tana ɗauke da nata tsohon msvcp140.dll a foldarta, shi Windows zai riga ya ɗora, kuma sabon kunshin da aka girka a tsarin ba zai yi amfani ba. Idan ana zargin haka, a buɗe Process Explorer yayin da manhajar ke aiki, a dubi cikakkiyar hanyar da aka ɗauko msvcp140.dll daga gare ta da lambar sigarsa. Abin da ke cikin System32 ba lallai ne shi ke cikin ƙwaƙwalwa ba.

Zaɓen hanyar rabawa

Hanyoyi uku ne a gaban mai haɗa kunshi. Ta farko ita ce a girka vc_redist a tsarin kwamfutar gaba ɗaya, kuma ita ce Microsoft ke ba da shawara a kai, domin idan aka gano wata kafar tsaro a laburaren, gyara ɗaya zai wadatar da duk manhajojin da ke amfani da shi. Tana buƙatar izinin mai kula da kwamfuta. Ta biyu ita ce a ajiye fayilolin DLL a folda ɗaya da EXE, tunda Windows yana fara duba foldar manhaja kafin ta tsarin. Wannan ta dace da manhajar da ake girkawa ba tare da izini na musamman ba, amma nauyin sabunta fayilolin ya koma wuyan mai manhajar har abada. Ta uku ita ce gini da /MT, wadda ta yi kyau ga ƙaramar manhaja mai fayil ɗaya, ba ta kuma dace da mai DLL da yawa da ke musayar abubuwa a tsakaninsu ba, saboda dalilin da aka ambata a baya. Akwai tsohuwar hanya ta fayilolin MSM da ake narkarwa cikin MSI, wato fayil ɗin girkawa na Windows Installer, amma Microsoft ya daina ƙarfafa amfani da su tun Visual Studio 2019, kuma bai kamata sabon aiki ya fara da su ba.

Ko ta farko aka zaɓa ko ta biyu, tushen fayilolin ɗaya ne: foldar VC\Redist\MSVC da ke cikin Visual Studio ɗin da ya gina manhajar. A sa tsarin gini ya kwafo su daga can a kowane gini. Mafi yawan saɓanin da ake gani yana faruwa ne saboda an taɓa sauke vc_redist.x64.exe an ajiye shi a ma'ajiyar aikin, shekaru suka wuce, kompailar da ke kan injin gini tana ta sabuntawa, shi kuwa fayil ɗin yana nan yadda yake. A CMake, InstallRequiredSystemLibraries yana tattaro fayilolin da suka dace da kompailar da ake amfani da ita. Abin da ba a yi ko kaɗan shi ne kwafa DLL kai tsaye cikin System32, ko gaya wa mai amfani ya sauke fayil guda daga wani shafin intanet da ba a san mai shi ba.

Idan an zaɓi vc_redist, ga yadda manhajar girkawa za ta bi da shi. Da farko ta karanta rajista, wato ma'ajiyar saitunan Windows, a HKEY_LOCAL_MACHINE\SOFTWARE\Microsoft\VisualStudio\14.0\VC\Runtimes, a ƙarƙashin x86, x64 ko arm64 gwargwadon abin da ake buƙata. A can akwai Installed, Major, Minor da Bld. Lambar 14.0 da ke cikin hanyar ba ta canzawa daga 2015 zuwa 2022, don haka kasancewar wurin ba hujja ba ce; Minor da Bld ne za a gwada da na kunshin da aka ɗauko, kuma a gwada su a matsayin lambobi, ba a matsayin rubutu ba. A kuma tuna cewa Windows mai bit 64 yana karkatar da manhaja mai bit 32 zuwa reshen WOW6432Node idan ta zo karanta rajista, kuma yawancin manhajojin girkawa masu bit 32 ne, saboda haka a tabbatar da reshen da ake karantawa. Idan abin da ke kwamfutar bai kai ba, sai a kira kunshin da /install /quiet /norestart.

Lambar da kunshin ya dawo da ita tana buƙatar kulawa. 0 na nufin an yi nasara. 3010 ma nasara ce, amma sai an sake kunna kwamfuta, kuma ya kamata a sanar da mai amfani a ƙarshen girkawa maimakon a sake kunna masa ita ba zato. 1638 na nufin akwai siga mafi sabunta a kwamfutar, wanda ba laifi ba ne ko kaɗan, amma manhajojin girkawa da yawa suna ɗaukar duk abin da ba 0 ba a matsayin gazawa, su soke aikin gaba ɗaya a kan kwamfutar da ba ta da wata matsala. A kayan haɗa manhajar girkawa irin su Inno Setup da NSIS mutum ne zai rubuta wannan sharaɗi da hannunsa. Mai amfani da WiX kuwa kada ya yi ƙoƙarin kiran vc_redist daga cikin MSI yayin da yake tsakiyar girkawa, domin Windows Installer ba ya gudanar da girkawa biyu a lokaci guda, kuma zai dawo da 1618. Wannan aikin Burn ne, wani ɓangare na WiX wanda ke jera kunsoshi ɗaya bayan ɗaya. A sa vc_redist a gaba, a kuma yi masa alamar dindindin domin kada cire manhajar ya tafi da laburaren da wasu ke dogaro da shi.

Akwai wani tarko da ya shafi manhajar girkawa ita kanta. Idan tana da DLL nata na taimako, misali mai duba lasisi ko mai shirya saituna, kuma an gina shi da /MD, to yana buƙatar laburaren da ba a riga an girka ba. A kwamfuta sabuwa girkawar za ta mutu tun a shafin farko. Irin waɗannan fayiloli da /MT ake gina su.

Batun bit 32 da bit 64 gajere ne amma yana cin lokaci. Manhaja mai bit 32 tana buƙatar kunshin x86 ko da Windows ɗin mai bit 64 ne, kuma idan kunshin manhaja ya ƙunshi nau'i biyun to a girka duka. Kuskure mai lamba 0xc000007b yawanci yana nufin an ɗora DLL na wani nau'in a cikin manhajar ɗaya nau'in. Umarnin dumpbin /headers yana nuna nau'in kowane fayil. Sunayen foldoji ma suna ruɗarwa, domin System32 ce ke ɗauke da fayilolin bit 64, SysWOW64 kuma na bit 32.

Wanda ke kula da tsohuwar manhaja ta zamanin 2005 ko 2008 yana da ƙarin aiki, domin waɗannan sigogi suna rubuta cikakkiyar lambar laburaren a cikin wata takardar bayani da ke jikin fayil, wato manifest, kuma Windows yana neman wannan lamba ko wadda ta fi ta a foldar WinSxS. Wani gyaran tsaro da aka fitar a 2009 ya sa manhajojin da aka gina da Visual Studio 2005 suka koma neman 8.0.50727.4053 maimakon 8.0.50727.762, masu tsohon kunshi kuma suka fara ganin saƙon cewa tsarin side-by-side bai daidaita ba. Umarnin sxstrace yana bayyana ainihin lambar da aka nema aka rasa.

A Linux da macOS

Ƙa'idar ɗaya ce a Linux, sai dai ba a raba glibc, wato laburaren aikin C na Linux, tare da manhaja, don haka maganin yana wurin gini. Kowane aiki a cikin glibc yana ɗauke da lambar siga, kuma linka yana ɗaure manhaja da mafi sabuntar da ya samu. A siga ta 2.34, wadda ta fito a 2021, an sauya aikin da ke tayar da kowace manhaja, saboda haka ko ƙaramin shiri aka gina a Ubuntu 22.04 mai glibc 2.35, ba zai tashi a Ubuntu 20.04 mai 2.31 ba, zai ce bai sami GLIBC_2.34 ba. A gina a kan tsarin da ya fi tsufa cikin waɗanda ake son tallafawa, a cikin kwantenar Docker idan ya cancanta. Haka masu Python suka yi da manylinux2014, wanda aka kafa a kan CentOS 7 mai glibc 2.17. Umarnin objdump -T yana nuna mafi girman lambar GLIBC da GLIBCXX da fayil ke nema. Idan libstdc++, wato laburaren C++, ce matsalar, ana iya cusa ta ciki da -static-libstdc++, ko a ajiye ta kusa da manhajar a saita RPATH, wato inda manhajar za ta nemi laburare, zuwa $ORIGIN, ma'ana foldarta. Masu haɗa kunshin deb su bar dpkg-shlibdeps ya lissafa abin da ake dogaro da shi maimakon rubuta lambobin da hannu. A macOS, MACOSX_DEPLOYMENT_TARGET ne ke faɗin mafi tsufan tsarin da za a tallafa, kuma dole kowane laburare da aka saka a kunshin ya kasance an gina shi da lamba ɗaya ko ƙasa da ita. Otool -L zai tona duk hanyar da har yanzu ke nuni zuwa wata folda ta kwamfutar gini.

Gwaji kafin saki

Gwajin da aka yi a kwamfutar da ke da Visual Studio ba ya tabbatar da komai game da laburaren aiki. Ana buƙatar kwamfutar kwaikwayo mai sabon Windows wanda ba a girka masa komai ba, a ɗauki hoton yanayinta domin a riƙa komawa gare shi bayan kowane gwaji. Windows Sandbox, wanda ya zo a Windows 10 siga ta 1903, yana ba da irin wannan wuri cikin sauri ga masu Pro da Enterprise. Sai dai kwamfuta fanko yanayi ɗaya ce kawai cikin uku, kuma ita ce mafi sauƙin wucewa. A shirya ta biyu mai ɗauke da tsohon kunshi, misali na 2015 ko 2017, domin a ga ko manhajar girkawa za ta gane cewa bai isa ba ta sabunta shi. A shirya ta uku mai kunshin da ya fi wanda ake rabawa sabunta, domin a ga yadda za ta karɓi 1638. A kowanne kada a tsaya ga ganin tagar farko ta buɗe: a taɓa sassan da ke ɗora DLL sai an buƙace su, kamar buga takarda, fitar da rahoto ko haɗawa da rumbun bayanai, domin dumpbin ba ya ganin abin da ake ɗorawa da LoadLibrary a tsakiyar aiki. Idan wani sashe ya gaza ba tare da bayani ba, Process Monitor zai nuna kowace folda da Windows ya leƙa yana neman fayil ɗin da kuma inda ya tsaya. Daga ƙarshe a cire manhajar, a tabbatar laburaren yana nan, sannan a maimaita gwaje-gwajen uku duk ranar da aka sabunta kompailar da ke kan injin gini, ko da ba a taɓa layi ɗaya na rubutun manhajar ba.